Fas da Marakish a kwana goma: yadda Bahaushe zai tsara tafiyarsa ta Maroko

Yawancin jagororin yawon buɗe ido na Maroko, Turawa aka rubuta wa. Shi ya sa suka cika da hawan raƙumi, da kwana a tanti cikin rairayi, da ɗaukar hoto a bakin ƙofar masallacin da ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga. Kai kuwa da ka tashi a Kano, ko Sakkwato, ko Damagaram, raƙumi ba baƙonka ba ne, ƙofar masallaci kuma a buɗe take gare ka. Ƙasar ta Malikiyya ce, karatunsu na Alƙur'ani da ruwayar Warshu ne, rubutunsu na gargajiya shi ne dai wanda ka sani a allo, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Malaman da aka karanta littattafansu a zaurukanmu, da dama a can suke kwance. In ka bi tsarin Bature, za ka kashe kuɗinka a kan abin da kake da shi a gida, ka wuce abin da ya fi shafarka.

Ka fara da yanke shawara

Kafin ka taɓa batun tikiti, ka tambayi kanka abin da zai kai ka. Ziyara ce, ko tarihi, ko sari, ko hutu da iyali? Amsar ita za ta raba maka kwanaki. Shawarata ga mai zuwan fari: kwana goma, birane biyu, da ɗan zango a Kasablanka. Kwana huɗu a Fas, uku a Marakish, ɗaya a Kasablanka, sauran biyun hanya za ta cinye su. Masu shirya tafiya za su nuna maka takarda mai birane bakwai a mako guda. Kada ta ruɗe ka. Rabin lokacin a cikin mota za ka yi shi, ka dawo gida ba ka iya bambance garin da ka ga wannan ƙofa da garin da ka ga waccan.

Lokaci mafi daɗi shi ne daga Maris zuwa Mayu, ko daga Satumba zuwa Nuwamba. A Yuli da Agusta zafin Marakish kan haura digiri 40, kuma kai a ƙafa za ka yini. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa damina da sanyi ne ke haɗuwa lokaci guda, abin da jikinmu bai saba da shi ba. Tsofaffin gidajen Fas don zafi aka gina su, sanyi kan kwana a cikinsu. Watan azumi yana da nasa armashin da dare, amma da rana gari a mace yake, wuraren tarihi kuma sukan rage lokutan buɗewa.

Takardu, kuɗi da abin da za ka zuba a jaka

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Maroko yana Abuja. Ka fara nema da wuri, tun kafin ka biya kuɗin da ba ya dawowa. Masu fasfon Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan kowa da nasa sharaɗin, sharuɗɗan kuma sukan sauya, saboda haka bakin jakadanci za ka ji, ba bakin ɗan sojan gona ba. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ka buga takardar masaukinka da tikitin dawowa a takarda, kada ka dogara da waya kaɗai, domin jami'in shige da fice zai iya tambayarka inda za ka sauka da ranar da za ka koma. In da iyalinka za ka tafi, ka saka takardar aure a cikin jaka, wasu masaukai sukan nema. Katin allurar shawara ma kada ka bar shi a gida.

Kamfanin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas, Abuja, Yamai da Akara zuwa Kasablanka. Kuɗin ƙasar dirhami ne, dala ɗaya takan kama kusan dirhami goma, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan. Ba za ka sami mai canza maka naira ko sefa cikin sauƙi ba, don haka ka riƙe dala ko yuro, sababbin takardu marasa yagewa. A filin jirgi ka canza kaɗan, na jirgin ƙasa da tasi, sauran ka bari sai cikin gari inda farashi ya fi kyau. Ka ajiye rasidin canji. Ka kuma yawaita ƙananan kuɗi a aljihu, tsabar biyar da goma da takardar ashirin, domin mai tasi da mai amalanke ba su taɓa samun canji.

A jaka: takalmi mai taushi da ka riga ka saba da shi, rigar sanyi ko da a bazara ne, da mahaɗin caja mai baki biyu zagayayyu irin na Faransa. Mutanen Nijar nasu zai shiga, na Najeriya da Ghana mai baki uku ba zai shiga ba. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kada ka ɗauko shi, kwastan za su riƙe. Ka tafi da kaftaninka da hularka. Sukan sa a gane kai baƙo ne mai ziyara, a yi maka magana da girmamawa, musamman a Fas. Mata kuma hijabinsu da atamfarsu sun wadatar, ba su buƙatar sauya komai.

Gaskiya guda da ba a cika faɗa ba: Maroko hanya ce ta masu neman tsallakawa Turai, saboda haka baƙar fata kan gamu da binciken takardu fiye da Bature, musamman a arewacin ƙasar. Kwafin fasfonka da shafin da aka buga maka hatimin shiga su kasance tare da kai kullum. In aka tsayar da kai, ka yi sallama, ka miƙa, a wuce wurin.

Kasablanka: kwana ɗaya ya isa

Akwai tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin Muhammad na Biyar, jirgin yana kai wa tashar Casa-Voyageurs, inda ake hawa na sauran garuruwa. Ka sayi layin waya kafin ka fita, na Maroc Telecom, Orange ko Inwi, da fasfonka.

Kasablanka birnin kasuwanci ne, abin gani a cikinta ga mai neman tarihi kaɗan ne. Masallacin Hassan na Biyu shi ne dalilin tsayawa. An kammala shi a 1993, wani ɓangarensa a kan Tekun Atlantika yake, hasumiyarsa mita 210, cikinsa yana ɗaukar mutum 25,000. Turawa da tikiti suke shiga a ayyanannun lokuta, kai kuwa ka daidaita zuwanka da lokacin salla, ka yi alwala ka bi sahu. Ka ɗaga kai ka dubi sassaƙar katako da farar ƙasa a rufin, domin irin aikin da za ka gani tsoho a Fas, nan ne za ka fara ganinsa sabo.

Daga nan zuwa Fas kusan awa huɗu ne a jirgin ƙasa na hukumar ONCF. Ka sayi tikiti tun da kwana ɗaya, kuma in da hali ka ɗauki aji na ɗaya, bambancin kuɗin bai kai daɗin zaman ba. Jirgin yana bi ta Rabat da Miknas.

Fas: nan za ka zauna

Tashar jirgi a sabon gari take. Ka hau ƙaramar jar tasi, ka ce a kunna mita. Ba ta ɗaukar fiye da mutum uku, kada ka tsaya roƙo in ku huɗu ne, doka ce. Mota ba ta shiga tsohon birni, Fas al-Bali, saboda haka tun kafin ka iso ka tambayi mai masauki wace ƙofa ce ta fi kusa da shi. In kusa da zawiyar Shehu Tijjani da masallacin Ƙarawiyyin kake so, dandalin Rasif za a sauke ka. In ta sama za ka shigo, ƙofar Bab Bujulud. A duk inda ka sauka akwai masu amalanke, ku yi ciniki kafin ya ɗora kaya.

Ka sauka a cikin tsohon birni, a irin gidajen da suke kira riyad. Daga waje bango ne kawai da ƙaramar ƙofa a lungu mai duhu, sai ka shiga ka tarar da tsakar gida mai famfo, ɗakuna sun kewaye ta hawa biyu ko uku, haske na saukowa daga sama. Mai ciwon gwiwa ya nemi ɗakin ƙasa, matakalansu tsaye suke kuma ƙunci gare su.

An kafa Fas a ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Idrisu na Ɗaya, ɗansa Idrisu na Biyu ya raya ta, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1981. Ana ƙiyasta lungunanta da kusan 9,000. Taswirar waya takan rikice a cikinsu. Abin da zai cece ka shi ne sanin cewa garin a kwari yake: manyan hanyoyi biyu, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira, suna gangarowa daga Bab Bujulud zuwa tsakiyar birni inda Ƙarawiyyin take. In ka ɓata, gangara za ta kai ka tsakiya, hawa za ta fitar da kai. In ka ji an yi tsawa a bayanka “balak, balak!”, ka manne da bango, alfadari ne ɗauke da kaya, kuma ba zai tsaya dominka ba.

Ranar farko ka ɗauki ɗan rakiya mai lasisi, na rabin yini. Mai masaukinka zai samo maka, kuma yana da katin shaida a rataye. Ka gaya masa tun farko cewa masallatai da makarantu kake so, ba shagon darduma ba, domin yana da kamasho a duk abin da ka saya a gabansa. Samarin da za su tare ka a hanya su ce “can a rufe yake, zo in nuna maka”, ka ce “la, shukran” ka ci gaba da tafiya. In kana neman hanya, ka tambayi dattijon da ke zaune a shagonsa. Larabcin makaranta yana aiki, za su fahimce ka ko da kai ba ka kama nasu na kasuwa ba, wanda suke kira darija. Mutanen Nijar, Chadi da Kamaru Faransanci zai ishe su. Turancin Ingilishi sai a wuraren 'yan yawon buɗe ido.

Ka fara da makarantar Bu Inaniyya, kusa da Bab Bujulud, wadda Sarki Abu Inan ya gina a shekarun 1350. Daga ƙasa tayil ne yankakke ƙanana ƙanana, kowane da hannu aka sare shi aka jera, a sama da shi rubutun ayoyi a sassaƙe cikin farar ƙasa, a can sama kuma katakon al'ul da ya yi baƙi don tsufa. Makarantar Aɗɗarin, ta wajen 1325, ta fi ta ƙanƙanta amma a ganina ta fi ta kyau. Ka hau sama ka leƙa ɗakunan ɗalibai, wasu da ƙyar mutum zai miƙe ƙafa a ciki. A irin waɗannan ɗakuna almajiran Fas suka yi ƙarnoni suna kwana.

Sai Ƙarawiyyin. Tarihin garin ya ce wata mace, Faɗimatu al-Fihriyya, ita ta gina masallacin a 859 da dukiyar gadonta, daga baya ya zama cibiyar karatu mafi girma a Magrib. Daga lungu ba za ka gane girmansa ba, gine-gine sun rufe shi ta kowane gefe, sai dai ka ga ƙofa a buɗe da tabarma. Masallatan Maroko sukan rufe tsakanin salloli, don haka ka zo gab da kiran salla. Mai gadi zai iya tambayarka ko kai Musulmi ne, sallama da amsa cikin natsuwa sun isa. Ka riƙe takalminka a leda. Abin da ba na so ka rasa shi ne bayan Magariba ko bayan Asuba: liman da jama'a sukan yi da'ira su karanta izu ɗaya da murya ɗaya, da Warshu, kullum, har su sauke a wata. Wanda ya yi makarantar allo zai iya zama ya bi su ba tare da an gaya masa inda aka tsaya ba. A wannan gari aka haifi mai Ajurumiyya, nan Ibnu Ashir ya rayu, kuma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi yana kwance a wajen ƙofar Bab Mahruƙ. Nan kuma Hasan al-Wazzan ya tashi, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, wanda ya kawo bayanin Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir a littafinsa na ƙarni na 16.

Tafiyar 'yan mintoci daga nan, a unguwar Blida, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take. An haife shi a Aina Mali ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1815, aka binne shi a cikin zawiyar. Tun daga lungun za ka fara jin Wolof da Fulatanci, wani lokaci da Hausa, shagunan carbi da turare da littattafai sun jeru. Ranar Juma'a bayan La'asar ta fi cika, saboda zikirin Juma'a. Mata suna da nasu ɓangaren. Ka kashe ƙarar waya, kada ka ɗaga kyamara a kan masu wazifa, kuma in za ka yi sadaka ka yi ta da hannunka cikin sirri, domin da zarar an ga ka buɗe jaka a fili za a yanyame ka. Na san batun ziyara ba kowa ya yarda da shi ba a cikinmu, wannan kowa da malaminsa. Amma ko wanda ba ɗan ɗariƙa ba, in yana son ya fahimci yadda addini ya ƙulla Afirka ta Yamma da Magrib, rabin awa a wannan lungu zai koya masa abin da karatu bai koya masa ba. Zawiyar Maulaya Idris, wanda ya raya garin, ita ma tana kusa.

Wata safiya ka ware ta don majemar Shuwara. Ba a shiga ta ƙasa, ta shagunan fata ake hawa bene a leƙo. A bakin matakala za a miƙa maka ganyen na'ana'a ka kanga a hanci, ka karɓa. Daga sama za ka ga ramuka jere, farare a gefe guda, masu launi a ɗaya gefen. A fararen ake jiƙa fata da farar ƙasa don gashi ya saki, sannan a tausasa ta da kashin tantabara, wanda shi ne tushen warin. Majema suna tsaye a ciki har cinya, suna tattaka fata da ƙafa, wani yana ɗagowa yana matsewa, wani yana shanya rawayar fata a kan rufin gidaje. Wanda ya san Majema da marinar Ƙofar Mata a Kano zai tsaya ya daɗe a nan. Wani kaso na fatar da Turawa suka riƙa saya da sunan fatar Maroko, na jan akuyar Sakkwato ne da aka jeme a ƙasar Hausa, fatake suka ƙetara Sahara da ita zuwa gaɓar Afirka ta Arewa. Kallo ba dole sai ka saya ba, amma ka ba wanda ya hau da kai ɗan abin shan shayi.

Da yamma ka hau tasi zuwa kangon ƙaburburan sarakunan Mariniyawa a kan tudu, daga nan ake ganin birnin gaba ɗaya, koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya. Ka sauko kafin duhu.

In kwana ɗaya ya rage maka, Miknas ba ta kai awa ɗaya a jirgi ba. Ita ce fadar Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727 da rundunar baƙaƙen bayi da aka rantsar a kan Sahihul Bukhari. Daga can babbar tasi mai mutum shida tana kai wa Walili, kangon birnin Rumawa, da garin Maulaya Idris Zarhun. Walili babu inuwa, ka je da safe da ruwanka.

Ci, sha da shiga gidan mutane

Juma'a ranar kuskus ce, bayan an sauko masallaci. Yawancin shagunan tsohon birni a rufe suke a wannan rana, kada ka sa sayayya a cikinta. Sauran kwanaki akwai ɗajin, wato nama da kayan lambu da aka dafa a kaskon ƙasa mai dogon murfi, da harira, miyar wake da tumatir, da gurasa a kowane ci. Abincinsu ba yaji, kuma sukan haɗa nama da zaƙi, busasshen 'ya'yan itace ko zuma. Wanda ba ya iya cin abinci sai da yaji ya ƙullo nasa daga gida. Ka ci inda 'yan gari suka cika, ka duba farashi kafin ka zauna.

In aka gayyace ka gida, ka riƙe ɗan abin zaƙi, ko dunƙulen sukari, wanda tsohuwar kyauta ce a wurinsu. Ka cire takalmi a bakin darduma. Akushi ɗaya ake ci, da dama, kowa gabansa, nama kuma a bar shi sai mai gida ya raba. Shayin na'ana'a ba a ƙin karɓarsa. Hira ta yi daɗi yadda ta yi, amma ka kiyaye harshenka a kan sarki da rikicin Yammacin Sahara. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko sojoji, mata kuma sai da izini.

Gidan wanka na unguwa, hammam, ya cancanci gwaji. Maza da mata wuri daban ko lokaci daban. Ka sayi baƙin sabulu da soson goge jiki a kasuwa, ka tafi da tawul da gajeren wando da za ka zauna da shi a ciki.

A allunan ma'aikatu za ka ga rubutu na uku bayan Larabci da Faransanci. Tifinag ne, na Amazigawa, wato Barbar, wanda harshensu ya zama na hukuma a kundin mulkin 2011. Mutumin Agadas ko Tawa zai gane wasu haruffan, dangin rubutun Abzinawa ne.

Marakish

Daga Fas zuwa Marakish kusan awa bakwai ne a jirgin ƙasa, ka ɗauki na safe da guzurinka. Murabiɗawa suka kafa garin wajen 1070, zamanin Yusufu ɗan Tashfin. Ja ne, shimfiɗaɗɗe, kuma babura suna shiga lunguna da gudu, ka riƙe hannun yaro. Masu tasi a nan sun fi na Fas ƙin kunna mita, ku daidaita kafin ka shiga. Alamarka ita ce hasumiyar masallacin Kutubiyya ta ƙarni na 12, mita 77, ana hango ta daga kusan ko'ina.

Dandalin Jami'ul Fana da yamma yake tashi: masu wasa da maciji, masu biri, masu tatsuniya, masu ƙunshi, da rumfunan abinci. A nan komai da kuɗinsa. Ka ɗaga waya kan mai maciji, ka biya. Mai ƙunshi ta kama hannun matarka ta fara zane, ka biya, saboda haka hannu ya zauna a cikin mayafi sai an yi ciniki. Ka tsaya wurin makaɗan Gnawa, jikokin mutanen da aka kawo daga kudancin Sahara, da molonsu mai tsirkiya uku da kacau-kacau na ƙarfe. Zamansu na dare da turare da launuka da kiran iskoki, masana sun daɗe suna danganta shi da bori. Dare ɗaya a dandalin ya isa.

Da rana ka bi tarihin da ya taɓa mu. Fadar Badi, wadda yanzu kango ce da shamuwoyi a kan bango, Sarki Ahmad al-Mansur ya fara gina ta a 1578. Shi ne ya aika rundunar da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. A 1594 aka kawo Ahmad Baba na Tumbutu wannan gari a ɗaure, daga baya ya zauna yana karantarwa da ba da fatawa, bai koma gida ba sai 1608. Kabarin al-Mansur yana maƙabartar Sa'adiyawa, wato gidan sarautarsa, tafiyar 'yan mintoci, ka je da sassafe kafin layi ya yi tsawo. Makarantar Bin Yusuf ta ƙarni na 16 ita ma ta cancanci kuɗin shigarta.

Garin yana da waliyyai bakwai da ake zagayawa, kuma biyu daga cikinsu babu gidan malami a ƙasar Hausa da bai san su ba. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a watan azumi, ya rasu a 1149, kabarinsa yana kusa da ƙofar Bab Ailan a gabashin birni. Imamu Jazuli, mai Dala'ilu, ya rasu a 1465, daga baya aka dawo da gawarsa Marakish, zawiyarsa tana arewacin tsohon gari. Waɗannan unguwanni ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne, ba allo, ba mai sayar da tikiti. Ka hau tasi zuwa ƙofar da ta fi kusa, ka tambayi dattawa “Sidi Iyad” ko “Sidi Bin Sulaiman”, da sunan da suka san Jazuli ke nan.

Kafin ka bar garin ka ci ɗanjiya, naman da ake zubawa a tulu a rufe, a kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne a toka ya yini.

Za a yi ta tallata maka tafiyar kwana uku zuwa rairayin Marzuga. Mutumin Sahel ba ya buƙatarta. In kana son fita, yini ɗaya zuwa Ait Bin Haddu ya fi, ta kan dutsen Atlas a mashigar Tishka mai tsayin fiye da mita 2,200. Gari ne na ginin ƙasa a tsohuwar hanyar fatake. Hanyar akwai kwana-kwana, mai jiri ya sha magani. Yankin Atlas ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna, inda kusan mutum 3,000 suka rasu, don haka in ka ga ƙauyuka ana sake gini, dalilin ke nan.

Tsaraba da komawa

Sayayya ka bar ta sai kwanaki biyu na ƙarshe. Ka fara shiga cibiyar masu sana'ar hannu ta gwamnati, Ensemble Artisanal, inda farashi a rubuce yake, ka san kuɗin kowane abu, sannan ka shiga kasuwa. Ciniki ba sai an koya wa Bahaushe ba. Ka taya ƙasa da rabi, ka ƙara a hankali, in bai sallama ba ka yi godiya ka juya, sau da yawa zai kira ka. Amma in ka taya ya sallama, ka saya, fasawa abin kunya ne a can kamar yadda yake a nan.

Fata da takalmin balga da tagulla da littattafai sun fi kyau da araha a Fas. Alƙur'ani bugun Warshu, a shagunan kewayen Ƙarawiyyin. Jallabiya ka juya cikinta ka duba ɗinkin. Fata ka shinshina, wadda ba ta jemu ba warinta zai bi sauran kayanka har gida. Man argan iri biyu ne, na ci da na shafawa, jabu kuma ya yi yawa, mai arha ƙwarai gauraye ne. Tsohon rubutun hannu da kayan tarihi kada ka saya, fitar da su laifi ne. Mai da zuma da turaren ruwa su shiga babbar jaka, kuma ka auna kayanka a masauki, kuɗin ƙarin kilo yana da zafi.

Daga Marakish zuwa Kasablanka kusan awa uku ne, sannan ka sauya jirgi zuwa filin jirgin sama. Jiragen Afirka ta Yamma galibi da dare suke tashi, ka isa da awa uku a hannu. Dirhamin da ya rage maka ka mayar da shi dala ko yuro da rasidinka kafin ka wuce shingen shige da fice, domin fita da shi da yawa ba ya halatta, kuma da wuya ka sami ɗan canjin da zai karɓe shi a Wapa.